Libarbar Pa Umeadi

"Kowa ya kwanta! Duk wanda ya ɗago kai, uwarsa ta haifi wani!"

Muryar Kyaftin ce. Anayo ya jiyo ta daga cikin ɗakin ajiyar magungunan da suka zo yi wa fashi, duk da ruwan da ake tsugawa a Nkpor, kusa da Onitsha, tun hantsi. Shi aikinsa tuƙi. Yana zaune cikin mota a bakin ƙofa, inji na ruri ƙasa-ƙasa, hannunsa a kan giya. Su uku ne kacal. Kyaftin shi ne uban tafiya. Sunansa na ainihi Ikedi, amma ba mai kiran sa da shi. Sai Uzo, abokin Anayo tun suna firamare, wanda ya jawo shi cikin harkar. A ciki Uzo na cusa kuɗi a buhu, mata na kuka, wani yana ta kiran sunan Yesu.

Aka ƙwanƙwasa gilashin motar, a hankali, kamar baƙo ya zo gaisuwa.

Anayo ya waiga. Wani tsoho ne tsaye cikin ruwa, sanye da koɗaɗɗiyar rigar kaki, furfura ta cinye masa kai. Maigadin wurin ne, wanda Kyaftin ya rantse cewa a irin wannan lokaci yana can wurin cin abinci. A hannunsa akwai libarba, hancinta na kallon goshin Anayo ta tsagar gilashi.

"Kashe motar, ɗana," in ji tsohon. "Kashe ta ka miƙo min mukulli. Ba ka yi kama da mai wannan aiki ba."

Anayo ya kasa ko motsi. Yana ganin ruwa na gangarowa ta girar tsohon. Yana ganin garin taba a gefen hancinsa.

Tau! Tau!

Tsohon ya faɗo jikin ƙofa. Fuskarsa ta manne da gilashi, ta zame ƙasa sannu a hankali. Kyaftin ne a bayansa, bindigarsa ƙirar gida tana hayaƙi. Uzo ya faɗo kujerar baya da buhu. Kyaftin ya sunkuya ya tsamo libarbar daga kwata, ya afko ciki.

"Taka, ɗan iska — taka!"

Anayo ya taka. Tayar baya ta hau kan wani abu mai taushi ta sauka. Bai duba madubi ba.

Maɓoyarsu wani kango ne a bayan garin Ogidi, bene da mai shi ya mutu bai gama ba, gonar rogo ta kewaye shi. Can Kyaftin ya zauna a kan bulo yana jujjuya libarbar. Ta yi baƙi ƙirin da daskararren mai da ƙura, ga lakar kwata. Ya ja kunama, ta ƙi. Ya tura 'yar gangar da ake zuba harsasai, ko gezau.

"Ka ga abin da ya cece ka, direba?" ya ce. "Ƙazanta. Tsohon banza ya samu ƙarfe irin wannan bai san yana son wanka ba. Da yana share ta, da yanzu ƙwaƙwalwarka muke kankarewa daga sitiyari."

"Oga, ka bar shi ya numfasa," in ji Uzo. "Dubi wandonsa."

"Ruwan sama ne," Anayo ya ce.

"A cikin mota?"

Suka yi dariya, ban da shi. Kyaftin ya kankari jikin bindigar da farce, sai wani fari ya ɓullo daga ƙarƙashin dauɗar.

"Wannan ba ƙirar ƙauyenku ba ce. Farin ƙarfe ne na Turai, irin wanda tsatsa ba ta ci. Ba kai ne ɗan maƙeran Awka ba? Ungo. Ina so in ga haƙorana a jikinta."

Anayo ya ce, "Oga, a jefa ta kogi kawai. Kayan mamaci ne."

"Mamaci ba shi da kaya. Karɓi, kafin raina ya ɓaci."

Maƙerar uban Anayo tana bayan gidansu a Awka, rumfar kwano ce da hayaƙi ya rine. Tun da tsohon ya rasu ba a cika hura mata wuta ba. Anayo ya bar ƙira ya kama tuƙi, ya ce adda da fartanya ba sa riƙe mutum. Mahaifiyarsa har yanzu ta ɗauka motar haya yake ja tsakanin Awka da Onitsha.

Ya kwance kusar ƙota, ya cire katakan mariƙin guda biyu ya ajiye a gefe. Ƙarfen kuma ya tsoma shi a kwanon kananzir, hancin na kallon bango, don bai san abin da ke cikinta ba. Washegari kananzir ya koma kamar ruwan kwata. Ya zubar ya sake wani. Ya samo tsohon buroshin goge haƙori yana bin jikinta da shi, lungunan da buroshi ba ya shiga ya sa tsinken tsintsiya. Ya naɗe tsumma a waya ya zura cikin bututun, ya fito baƙi, ya sake, ya sake. Hannunsa bai manta abin da ubansa ya koya masa ba, kuma wannan ma ya ba shi haushi.

Katakan ne suka fi damun sa. Sun yi santsi saboda riƙo, har akwai ɗan kwari inda babban yatsan tsohon ya saba zama. Ƙanshin garin taba da man zafi ya kama su. Ya wanke da sabulu ya shanya a rana, ƙanshin bai fita ba, sai ma ya koma yatsunsa. Da ya zauna cin akpu, tuwon rogo, da miyar shuwaka, ya kai loma baki, sai ya ji shi. Ya mayar da lomar kwano.

"Miyar ce ba ta yi ba?" mahaifiyarsa ta tambaya.

"Ta yi, Mama."

"To me kake shinshinar hannu kamar ɗan akuya?"

"Kananzir ne."

"Ni dai na ji daɗi da na ji motsi a maƙera. Ko kusa ɗaya ka ƙera, ubanka zai kwanta da daɗi a inda yake."

Anayo ya ture kwanon gefe. Tun ranar Nkpor bai ƙara kallon gilashin gefensa ba in yana tuƙi. A maƙera kuwa, yana tsakar aiki sai ya ji an ƙwanƙwasa kwano a bayansa, a hankali. In ya waiga, ba kowa. Wani lokaci ɗigar ruwa ce daga bishiyar mangwaro. Wani lokaci kuma rana ce tsaka, ba ko gajimare.

Gangar ce ta ƙi buɗuwa har ƙarshe. Ya ari man keken ɗinkin mahaifiyarsa yana ɗiga mata, yana bubbuga ta da guntun katako, yana lallashi kamar mai fama da jariri. Wata ranar da hantsi ta yi ɗan ƙara, ta faɗo gefe. Ya ɗaga ta ya kalli haske.

Ramuka shida. Duk wayam. A ɗaya daga ciki har akwai ragowar ginin zanzaro, wanda ya yi gidansa a nan ya ƙyanƙyashe ya tashi tun ba yau ba.

Anayo ya zauna a kan kututturen uwar maƙera. Ashe ba ƙazanta ce ta cece shi ba. Ba a taɓa nufin sa da harbi ba. Tsohon ya fito cikin ruwa ne da ƙarfe fanko da bakinsa, ya kira shi ɗansa, ya roƙi mukulli.

A can Onitsha kuwa, binciken ya faɗa hannun Sufeto Ofodile, wani ƙaton mutum mai sanyin tafiya. Mamacin, Pa Umeadi, tsohon sajan ne mai ritaya, kuma shi ya koya wa Ofodile aiki tun yana kurtu. Sufeto ya san libarbar, ya san ta daskare tun tuni. Ya ce wa yaransa duk wanda ya ɗauke ta sai ya nemi maƙeri. Ya cire kaki, ya sa 'yar shara, ya shiga bin maƙerun Awka rumfa-rumfa.

Da rana tsaka ya iso wurin Anayo. Allah ya sa mahaifiyarsa ce ta fara amsa sallama, Anayo ya samu ya cusa bindigar a buhun gawayi. Tsohuwar ta kawo wa baƙo goro ta koma ciki. Sufeto ya faɗi sunansa da aikinsa, ya zauna a benci yana huci.

"Wata libarba nake nema, ta farin ƙarfe. Ko an kawo maka gyara?"

"Mu fartanya muke yi, Yallaɓai."

"Haka kowa ya ce min tun safe. Awka duk ta koma fartanya." Ya ɓare goron, ya ciji rabi. Idonsa ya sauka kan kwanon kananzir, ya koma kan buroshin, ya tsaya a hannun Anayo. "Ka san abin da ke ƙona min rai? Babu ko harsashi ɗaya a cikinta. Tun kafin ya yi ritaya ya watsa su a kogi, ina tsaye. Ya ce gawar da ya gani a duniya ta ishe shi. Yana rataye ta ne don yara masu hawan katanga. Jikoki marayu yake riƙo, shi ya sa ya karɓi gadi da tsufansa. Harbi a baya, sannan aka bi ta kan ƙafarsa da mota."

Anayo ya ce, "Allah ya ji ƙansa."

"Amin." Sufeto ya miƙe da ƙyar. "Wanda ya harbe shi ba zai tsaya nan ba. In ƙarfen nan ya tashi, sai ya ci ran wani. Duk makon nan ina Awka. Da rana ina cin abinci a rumfar wata mai kifi a bayan tashar kasuwa. Miyarta ba laifi."

Ya tafi bai waiwayo ba.

Anayo ya yi tunanin ya bar wa bindigar wani lahani a ciki. Amma ya san Kyaftin zai gwada ta a gabansa, kuma ya san abin da zai biyo baya in ta ƙi. Sai ya gama aikin. Ya bi ƙananan ƙarzunan jikinta da sanfefa mafi laushi, ya bi da toka da tsumma, ya shafe ta da mai ya goge. Ya mayar da katakan. Ta fito tas, tana ɗaukar ido, gangar na juyawa sumul ba ko gargada. Ya ga fuskarsa a jikinta, ta miƙe ta yi tsawo. A bayan kafaɗarsa kuma ya ga wani abu fari-fari a tsaye. Ya juya da sauri. Zanen mahaifiyarsa ne a igiyar shanya.

Da ya kai ta kango, Kyaftin ya yi fito. Ya buɗe baki ya leƙa haƙoransa a jikinta.

"Shegen yaro. Ashe kana da amfani ban da jiƙa wando."

"Oga, fanko ce. Babu komai a cikinta da na buɗe."

Kyaftin ya tuntsire da dariya har yana buga cinya. "Fanko? To ai shi ya kashe kansa. Wa ya aike shi?"

Uzo bai yi dariya ba. Ya kalli Anayo, ya sunkuyar da kai.

Kyaftin ya zaro harsasai daga aljihu. Wani kofur ne yake sayar masa, shi ne kuma kunnensa a ofishin 'yan sanda. Ya ɗura, ya auna wata kwalba a kan taga. Ƙarar ta cika benen, jemagu suka watse daga sama. Sannan ya faɗa musu aiki na gaba: ranar Asabar wasu fatake masu sayen manja za su bi ta tsohuwar hanya da kuɗi a jiki. A kangon za a haɗu da safe.

"Oga," in ji Uzo, "daga wannan ni na yi sallama. Matata Akudo ta kusa sauka. Ina so yaron ya tarar da ni a shago, ko na facin taya ne."

Kyaftin ya daɗe yana kallon sa. "Sallama," ya ce, kamar mai ɗanɗana kalmar. "To, Allah ya sauke ta lafiya."

Washegari Anayo ya je bayan tashar kasuwa. Ya wuce rumfar mai kifin, ya dawo, ya sake wucewa. Daga ƙarshe ya shiga ya zauna kusa da Sufeto, ya faɗi komai yana kallon tebur: motar, kangon, fataken, har kofur ɗin.

"Abu ɗaya nake roƙo, Yallaɓai. Akwai Uzo a cikinmu. Bai taɓa harbin kowa ba. Kada a taɓa shi."

"Ban yi maka alkawari ba, amma na ji," in ji Sufeto. "Kai ma sai ka sha ɗauri, ka sani ko?"

"Na sani."

Sufeto bai san ko wane kofur ne ba, domin Anayo bai san sunansa ba, don haka a ofis sai ya ba da umarnin a yi kwanto a hanya, kangon kuwa ya riƙe a cikinsa, shi da mutum uku da ya yarda da su.

Safiyar Asabar, Anayo da Uzo suka tarar da Kyaftin zaune a matakala, libarbar a cinyarsa. Bai amsa gaisuwa ba.

"An fasa aiki," ya ce. "Mutumina ya aiko. 'Yan sanda na kwance a hanya tun asuba. Ya ce wani na jikina ne ya sayar da ni." Ya dube su ɗaya bayan ɗaya. "Mu uku ne. Ni dai ban sayar da kaina ba."

Can nesa wata mata na kiran ɗanta a gona.

Kyaftin ya ci gaba: "Direba ba shi da zuciyar da zai tunkari ɗan sanda. Ko inuwarsa tsoro take ba shi. Amma wani ya ce zai yi sallama."

"Haba, Oga." Uzo ya yi 'yar dariya. "Ni? Ni da na kawo maka Anayo da hannuna? Anayo, gaya masa. Jiya ba asibiti na kai Akudo awo ba? Gaya masa mana."

Anayo ya buɗe baki. Maganar tana nan a maƙogwaronsa, gajera ce: ni ne. Ya kalli hancin bindigar, tsaf yake, shi ya share shi da hannunsa. Ya saurara ko zai ji motsin su Sufeto a cikin rogo. Shiru. Ya ce a ransa bari ya ɗan jira, yanzu za su iso, yanzu.

"Anayo?" in ji Uzo.

Kyaftin ya ja kunamar, ba ta ko cije ba.

Uzo ya zauna daɓas a ƙasa, ya dafe ƙirji, yana kallon abokinsa da mamaki. Ya jingina da bango kamar wanda ya gaji.

"'Yan sanda ne — ajiye makami!"

Daga gonar rogo suka ɓullo. Kyaftin ya yi harbi ta taga, ya dira ta baya, ya zuba da gudu cikin kunyoyin rogo. Harbi ya kaure — ganye na tashi, ƙasa na tashi. Ya faɗi, ya miƙe, ya sake harbi. Wani ɗan sanda ya dafe cinya ya kife. Sannan bindigar Sufeto ta yi magana, Kyaftin ya kifa da fuska tsakanin kunya biyu, bai ƙara motsi ba.

Da suka shigo kangon, sun tarar da Anayo a durƙushe ya tallafe kan Uzo, yana danne ramin da tafin hannu. Jinin ya riga ya daina zuwa.

"Motarmu ce ta kafe a laka," in ji Sufeto a hankali. "Da ƙafa muka ƙaraso."

Anayo ya miƙa hannuwa aka sa masa ankwa.

Ba a rataye shi ba, saboda Sufeto ya yi magana inda ya kamata, amma shekarun da alƙali ya yanka masa sun isa su cinye ƙuruciyarsa. Ɗan sandan da aka harba ya rasa ƙafa. An kori kofur ɗin aka ɗaure shi. Mahaifiyar Anayo ta zo kotu ranar farko, ta ji abin da aka karanta, ba ta sake zuwa ba. Sufeto kuwa ya ɓoye sunan wanda ya ba shi labari, don Kyaftin na da mutane a gidan yari. Sai gari ya ɗauka cewa Uzo ne ya tona asiri, shi ya sa aka kashe shi.

Bayan damina ta wuce, wata ranar ziyara aka kira Anayo. Akudo ce, matar Uzo, sanye da baƙaƙen kayan takaba, kanta a aske, da jariri a goye. Ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Ta ajiye masa ƙullin gari da gyaɗa a kan benci. Suka gaisa. Ta kwanto yaron ta nuna masa ta tsakanin ƙarafa. Goshin Uzo ne sak.

"Dangin mijina sun ƙi binne shi a gida," ta ce. "A bakin daji aka sa shi, ba coci, ba kowa. Sun ce ɓarawo ba ya kwana kusa da kakanni." Ta gyara wa yaron hula. "Tambaya ɗaya ta kawo ni, Anayo. Kai kana wurin. Mutane na cewa shi ne ya kira 'yan sanda. Da gaske ne?"

Anayo ya kalli ƙasa.

"Ba don kaina ba," ta ce. "Yaron nan zai girma, yara za su gaya masa ko wane ne ubansa. Ina so in samu abu ɗaya da zan riƙa ce masa. Amma ba na so in yi masa ƙarya. In ba shi ba ne, ka faɗa min, zan iya ɗauka."

Gandiroba ya buga sanda a ƙofa, alamar lokaci ya kusa. Anayo ya ɗago. Ya ga yadda ta ƙanƙame yaron. Bai san ko don ita zai faɗa ba, ko don wuyansa.

"Shi ne," ya ce. "Ya ce ya gaji da ganin jini. Shi ya kira su."

Akudo ta rufe ido, hawaye suka zubo. Ta daɗe a haka. Sannan ta goya ɗanta, ta ɗaure zane tam, ta yi masa godiya har da ɗan rusunawa, ta fita da sauri don ta samu motar Ogidi.

Anayo ya koma ɗaki da ƙullin a hannu. Fursunoni suka yanyame shi, kowa na miƙo tafi. Ya kwance, ya raba musu duka, ya je ya zauna a lungunsa yana fuskantar bango.